Ni da Inna a Filin Jirgin Dutse

Ina gona bayan la'asar ina tattara sauran kara don ƙonawa saƙo ya shigo wayata, wai maniyyatan ƙaramar hukumarmu su hallara a sansanin alhazai na Dutse washegari da hantsi. Watan Mayu ne, bazara ta kai intaha, hadari ya haɗo da yamma ya yi ta rugugi sannan iska ta watsa shi. Na ajiye manjagara a nan inda take na nufi gida. Ko da na shiga na tarar labari ya riga ni, don matan unguwa sun cika tsakar gida, Inna kuwa tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da jakarta a gefe. Jakar nan ta yi mako biyu a ɗaure.

Kujera biyu muka biya, tata da tawa. Tata ta fito ne daga bijimai biyu da ta yi kiwo da awakin da ta daɗe tana tarawa, tawa kuma daga shinkafar rani ta shekara uku da abin da 'yan'uwa suka cika. Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai wannan" take ce mini tun ina yaro, har yau da nake da furfura a gemu. Da dare bayan an watse ta leƙo ta ce, "Kai wannan, Kano za a kai mu ko?" Na ce mata a'a Inna, a Dutse za mu hau. Ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah. Jirgin Makka a Dutse."

Dole ta yi mamaki. Tana yarinya ta san wani ƙanen kakanta da ya tafi Makka a ƙafa. Irin tafiyar mutanen da ce: a bi ta Barno, a shiga Chadi, a ratsa Sudan ana tsayawa ana ƙwadago a gonakin auduga har a tara kuɗin ƙetare Bahar Maliya. Wasu su dawo bayan shekaru, wasu su zauna can har jikoki. Shi ya dawo, amma 'ya'yan da ya bari a goye ya tarar sun isa aure. Mahaifinmu kuma, Allah ya jiƙansa, ta Kano ya tashi. Kano tsohuwar mashigar jirgi ce, tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a can, kuma ko bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991 alhazanmu can suke zuwa su hau. Ina cikin 'yan rakiyarsa a wancan karon. Kwana uku muka yi a birni muna raɓe a gidan wani ɗan garinmu, kullum mu je mu tsaya a rana mu dawo, guzurin da muka taho da shi ya ƙare kafin a kira sahunsu. Wannan hoton ne a ran Inna duk lokacin da aka ce filin jirgi.

Da sassafe muka kama hanya a motar ƙanena. Muka fito ta Jahun, muka bi Kiyawa, muka wuce Shuwarin, sai ga duwatsun Dutse sun bayyana da itatuwan dabino a gindinsu. Ko awa biyu ba mu yi ba. A sansani aka raba mana fasfo da katin rigakafi da kuɗin guzuri, aka ɗora jakunkuna a sikeli, malamai suka sake maimaita abin da aka faɗa mana a wajen bita: kada kowa ya karɓi saƙon wani, kada a ɗauki goro don hukumomin Saudiyya sun hana shiga da shi. Inna ta kwance bakin zaninta ta fito da goro uku farare ta miƙa wa ƙanena ba tare da ta ce komai ba. Wanda ya san yadda take da goro ya san abin da ta bayar.

Sai da dare ya raba aka fara kiran suna, muka shiga manyan motoci aka jera mu. Filin yana wajen gari ne ta yankin Fanisau, tafiyar kamar kilomita 10. Abin da ya fara nuna mini mun iso shi ne shingen waya, dogo, yana tafe a gefenmu cikin hasken fitilar mota kamar ba zai ƙare ba. Daga baya na gane amfaninsa. Ƙasarmu ƙasar kiwo ce, saniya guda ta ratsa titin jirgi a lokacin sauka ta isa ta jawo asarar rayuka ɗaruruwa. A bakin babbar ƙofa 'yan rakiya suka tsaya. Motoci da babura da masu shayi da masu tsire duk sun yi dafifi a wurin, mutane na ɗaga hannu suna kiran sunayen 'yan'uwansu, "A yi mana addu'a! A gaida Ma'aiki!" Na hango ƙanena a kan bayan wata a-kori-kura yana haska fitilar waya. Inna ba ta gan shi ba, amma na ce mata ga shi can, ta ɗaga hannu ta inda na nuna.

Daga ƙofa zuwa ginin matafiya hanya ce miƙaƙƙiya mai fitilu. Da muka sauka na tsaya na dubi wurin, kuma abin da ya kwantar mini da hankali shi ne daga inda nake tsaye ina ganin kusan komai. Ga wurin ajiye motoci a bayana, ga ginin a gabana, ga hasumiyar da ake yi wa jirage jagora ta yi sama da gilasai kewaye da kanta, can gefe ga ma'ajiyar jajayen motocin kwana-kwana. Bayan ginin kuma fili ne fetal har iyakar gani. Na taɓa shiga filin jirgin Abuja sau ɗaya, inda mutum zai hau bene ya sauka ya bi wannan lungu ya ɓulla wancan yana karanta alluna. Wanda ke tafe da tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, wadda ba ta karatun boko kuma gwiwa na damunta, ya san darajar wuri ƙarami da ba a ɓata a cikinsa.

A zamanin Gwamna Sule Lamido aka gina filin, Shugaba Goodluck Jonathan ya zo ya buɗe shi a watan Oktoban 2014. A 2023 kuma aka sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a farkon shekarar ta 2023. Mu dai a ƙauye filin jirgin Dutse muke cewa. Ina tuna lokacin da ake aikinsa, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu ta gindin dalbejiya. Wasu na cewa talakan da ke neman taki da rijiyar burtsatse me ya haɗa shi da jirgi, ga Kano nan kusa. Ni ma a wancan lokacin ina cikin masu wannan magana, kuma har yanzu ban ce ba ta da tushe ba. Amma a daren nan da nake riƙe da jaka biyu Inna na bina a baya tana jan ƙafa, na ga ɗaya fuskar al'amarin da idona.

A ciki layi biyu aka yi, maza daban mata daban, amma muna ganin juna. Tsarin a jere yake kamar ɗakunan gidan gandu: ka ba da babbar jaka a liƙa mata takarda ta bi ta bayan kanta, ka karɓi katin shiga jirgi mai lambar kujerarka, ka wuce teburin jami'an lafiya su duba katin rigakafi, ga 'yan kwastan da jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi, sannan jami'in shige da fice ya dubi hoton fasfo ya dubi fuskarka ya buga hatimi. Daga nan sai na'urar bincike.

A nan ne hankalina ya koma kan Inna gaba ɗaya. Na riga ta wucewa, na tsaya ta ɗaya gefen ina kallo. Aka ce ta ɗora jakar hannunta a kan bel ɗin da ke jan kaya cikin akwatin na'ura. Ta ɗora, amma ba ta saki igiyar ba, jakar na tafiya tana binta har sai da hannunta ya kai bakin labulen roba. Jami'ar da ke wurin, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, ta dafa hannunta a hankali ta ce, "Hajiya Baba, saki, ga ta can za ta fito ta jira ki. Ba mai taɓa miki." Ta saki. Sai ta bi ta ƙofar ƙarfen nan da ba ta da ƙyaure, na'ura ta yi ƙara. Inna ta tsaya cak ta dube ni. Yarinyar ta ja ta bayan wani labule, jim kaɗan suka fito tana riƙe da 'yar lalitar fata da Inna ke ɗaurawa a ƙugu tun ina yaro. A ciki akwai allura biyu a soke a tsumma, da reza a cikin takardarta, da ɗan ƙaramin almakashi mai baƙin hannu. Aka yi mata bayani cewa abu mai kaifi ba ya shiga jirgi a jikin mutum, da a babbar jaka yake da ya wuce. Inna ta ce almakashin na uwarta ne. Yarinyar ta yi ɗan jim, ta tambaye ni ko muna da wani a waje. Na kira ƙanena, ita kuma ta nemi wani abokin aikinta da zai fita bakin ƙofa ya kai masa. Ban san sunanta ba, amma na yi mata addu'a a Rauda, Inna ma ta yi.

Ɗakin jira babba ne, da kujerun ƙarfe a jere da bangon gilashi ta ɓangaren da jirage ke tsayawa. Mu fiye da ɗari huɗu ne, duk cikin yadi iri ɗaya na alhazan jiha. Tsofaffin mata da yawa ba su yarda da kujerun ba, suka shimfiɗa mayafi a ƙasa suka miƙe ƙafa, Inna na cikinsu. Kafin a jima ta sami ƙawa, wata 'yar Gwaram, suna ta kwatanta wa juna maganin gwiwa. Wurin da ya fi ko'ina ciniki shi ne wajen alwala. Duk wanda zai zana filin jirgi a ƙasar Hausa, da zai ji shawarata, ya fara ƙirga famfunan alwala da butoci da faɗin wurin sallah kafin ya ƙirga shaguna. Matafiyinmu yana iya haƙura da shayi, yana iya haƙura da sanyin na'ura, amma ba zai hau jirgi ba alwala ba. Haka nan makewayi: tsohon da duk rayuwarsa tsuguno ya sani, a tanadar masa irin wanda ya sani.

Kusa da ni wani dattijo ne ɗan Gumel, wanda ya ce ya yi aiki shekaru a ofishin duba yanayi na filayen jirgi kafin ya yi ritaya. Da ya ga ina yawan leƙen gilashi sai ya taso ya tsaya tare da ni. Jirginmu ya riga ya iso, yana tsaye cikin hasken manyan fitilu, motar mai a ƙarƙashin fiffikensa, wasu ƙananan motoci na jan tireloli cike da jakunkunanmu. Ya ce, "Malam, wancan wurin da yake tsaye dandali ne kawai. Titin yana can, inda ka ga fitilu sun yi layi." Tsawonsa kilomita 3 ne. Na ce duk wannan na mene ne, jirgin da sama zai bi? Ya ce ai zafin ƙasarmu ne ya sa. Idan rana ta gasa iska sai ta yi sakayau, ba ta tallafar fiffike kamar iska mai sanyi, injin ma ba ya samun cikakken ƙarfinsa. Jirgin da ya ɗauki mutum ɗaruruwa da kayansu da man da zai kai shi Madina sai ya yi doguwar tsere a ƙasa kafin ya ɗaga. Shi ya sa matuƙa suka fi son dare ko sanyin asuba idan kaya sun yi nauyi.

Ya nuna mini wata doguwar jakar yadi a kan sanda, mai kama da hannun riga, tana kaɗawa. Ita ke nuna inda iska ta fito, domin jirgi yana fuskantar iska ne in zai tashi ko zai sauka. Titin ɗaya ne amma baki biyu gare shi, kowane baki da lambarsa a rubuce da farin fenti, lambar kuma daga kamfas mai nuna gabas da yamma, kudu da arewa aka ɗauko ta, iska ce ke zaɓar bakin da za a yi amfani da shi a ranar. Ya ce babban abokin gabarsu a nan Arewa hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan taso daga Sahara ta rufe gari, matuƙi ya zo daidai kan fili bai ga titi ba, dole ya juya. Su kuma 'yan kwana-kwanan da na gani, ko jirgi ɗaya ne zai sauka a yini sai sun kasance cikin shiri da motocinsu cike da ruwa da kumfar kashe wutar mai, in babu su ba a ba jirgin fasinja izinin sauka. Ni da nake ɗauka filin jirgi gini ne da kwalta, sai na ga ashe rabinsa mutane ne da ke zaune a faɗake saboda abin da ake roƙon Allah kada ya faru.

Hira ta kai mu ga abin da ke damun duk mai kishin wurin. Lokacin Hajji fili ya cika ya batse, bayan alhazai sun dawo kuma sai ya koma shiru, jiragen haya ba su da yawa, don mai zuwa Abuja ko Legas yakan ga gara ya shiga mota zuwa Kano inda jirage suka fi yawa. Amma fitilu da shinge da albashin ma'aikata ba su san shiru ba, kullum suna cin kuɗi. Na ce to me zai hana a riƙa ɗaukar riɗinmu da zoɓonmu daga nan, tunda Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma su, zoɓon ma har Meziko ake kai shi? Wani ɗan kasuwa daga Maigatari da ke sauraronmu ya girgiza kai. Ya ce riɗi kayan jirgin ruwa ne, yana da nauyi kuma ba ya lalacewa da wuri, kuɗin jirgin sama zai cinye ribar. Abin da ya dace da sama shi ne abin da kwana biyu ke kashewa: nama, da kifin Haɗeja, da tattasai da tumatir na fadama. Su kuma suna bukatar ɗakin sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa da masu duba ingancin kaya tun kafin a yi maganar jirgi. Na yarda da shi. Ina noman rani, na sha zubar da kwandunan tumatir a bakin hanya don mota ba ta zo ba. In har akwai ranar da abin da na shuka zai bi ta titin nan ya isa kasuwar da za a saye shi da daraja, to gardamar gindin dalbejiya ta ƙare.

Muka yi sallar asuba a nan cikin ɗakin, sahu har bakin ƙofa. Tunda Madina za mu fara sauka ba wanda ya ɗaura harami. Ana sallamewa lasifika ta fara kira, aka ce tsofaffi da marasa lafiya su fara fita. Wani ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya ya tsaya gaban Inna ya ce, "Hajiya, bismillah." Ta dube shi ta dubi keken ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, kai wa wanda ya fi ni. Da ƙafata zan je." Na buɗe baki zan yi magana ta ɗaga mini hannu.

Aka buɗe ƙofar gilashi muka fita. Gari ya fara wayewa, iska mai ɗan sanyi na busowa da warin man jirgi, ƙasan dandalin kuma har lokacin da sauran ɗumin ranar jiya. Daga cikin ɗaki jirgin bai yi mini girma haka ba. Sai da muka zo ƙarƙashinsa na ga tayarsa guda ta kusa kai mini ƙirji, bakin injinsa kuwa mutum zai tsaya a ciki. Matakala ce ta ƙarfe aka jingina masa, doguwa. Na rataya jakata a wuya, na riƙe tata a hagu, na tsaya a bayanta. Ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu. Takan ɗora ƙafar dama, ta jawo ta hagu ta same ta, ta ce Bismillahi, sannan ta sake. Mutanen da ke bayanmu ba wanda ya ce ta yi sauri. A tsakiya ta tsaya ta huta, ta juya ta dubi filin, ginin da hasumiyar da shingen, da gonakin da aka share suna jiran ruwa a bayansa. Ta ce, "Kai wannan, ta ina garinmu yake?" Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon wajen, sannan ta ci gaba da hawa.

Kujerarta ta faɗo kusa da taga, na roƙi wanda ke gefenta muka yi musanya. Na ɗaura mata bel. Jirgin ya ja da baya, ya juya, ya bi wata 'yar hanya a hankali har bakin titi, ya tsaya kamar mai tattara numfashi. Wani malami a gaba ya ɗaga murya da addu'ar hawa abin hawa, jirgi duka ya amsa. Sai injuna suka ɗauki ƙara, kujera ta manne mini a baya, fitilun gefen titi suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya har suka haɗe. A nan na ji hannun Inna ya kama wuyan hannuna. Rabon da ta riƙe ni tun ban isa shiga makarantar allo ba. Tafin hannunta kaushi ne da shi, na taɓarya da igiyar guga, kuma ba rawa yake yi ba, riƙo ne kawai mai ƙarfi.

Ƙarar tayoyi ta ɗauke. Duwatsun Dutse suka koma kamar murhu a ƙasa, hanyar Kano zuwa Maiduguri ta zama zare. Ta matsa goshinta jikin taga tana motsa baki, ba ta sake ni ba sai da ma'aikaciyar jirgi ta zo da ruwa ta ce, "Hajiya, ga ruwa," sannan ta karɓa da hannu biyu.